Dutsen da Ba Shi da Amo

Wannan shi ne babin da na daɗe ina kewayewa. Na rubuta muku ƙuruciyata, na rubuta yadda na auri uwarku, alƙalami yana tafiya sumul, amma da na iso nan sai uzuri ya yi mini yawa: yau ido na ciwo, gobe takarda ta ƙare. Abin da ya zaunar da ni dole shi ne maganar da na ji ranar sunan ɗan Nura. Nura ai kun san shi, babban ɗan wana marigayi Yaya Habu, wanda kuke kira Baba Babba. Muna zaune a ƙofar gida ana cin waina, hira ta gangaro kan aikin ƙarfe, sai na ji yana ce wa abokansa:

"Ni fa ba na wasa da dutsen giranda. Babanmu, Allah ya jiƙansa, duk ƙwarewarsa sakacin rana ɗaya ya ci masa ido."

Aka ce amin, ni ma na ce amin. To ku saurara, ku da 'ya'yansa baki ɗaya. Baba Babba bai yi sakaci ba. Ni na jawo abin da ya same shi, kuma abin da na yi ya fi sakaci muni.

Shagonmu na farko rumfar kwano ce kusa da inda motocin Nasko da Auna ke lodi a nan Kontagora. Muna walda, muna gyaran garma da ƙofofi, amma abin da ya yi wa Yaya suna shi ne washi. Yana da injin washi na kan benci, wanda muke kira giranda, tsoho ne ya saya a hannu, ya ɗaure shi da noti a kan wani ƙaton katako. Dutse biyu yake ɗauka, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma murfin da ke kare gaban na dama ya ɓace tun kafin injin ya zo hannunmu. Sauran duwatsun suna rataye a ƙusoshi a bango, kowane da ƙusarsa, ba ya yarda a ɗora wani kan wani ko a ajiye su a ƙasa inda damshi zai taɓa su. Akwai mai launin toka mai kaushi, na cin tabon walda da gyara bakin gatarin da ya haɗu da dutse. Akwai mai toka mai matsakaicin yashi, shi ne jakin shagon, na adda da lauje da fartanya. Fari kuwa ba ya hawa inji sai wanzami ya kawo aska ko tela ya kawo almakashi, don shi ba ya saurin ɗumama ƙarfe. Da kore guda ɗaya da ya fi shekara biyar bai ƙare ba, da burushin waya na kankare tsatsa. Idan mata suka kawo tukunyar dalma a goge musu baki, sai ya ɗauko zarto ya yi da hannu, ya ce dalma tana liƙe wa dutse ido ta hana shi ci. Ni duk wannan a lokacin tsirfa nake ganinsa. Dutse ai dutse ne, in yana juyawa zai ci ƙarfe. Da wannan tunani na taɓa danna askar wani wanzami a kan mai kaushi har bakinta ya yi shuɗi, Yaya ya ɗaga ta ya nuna mini a rana ya ce na kashe ta, ko gashin jariri ba za ta ƙara yanka ba.

Amma al'adarsa da na fi yi wa dariya ita ce bugun dutse. Duk sabon dutse, kafin ya hau inji, sai ya zura ɗan yatsa a ramin tsakiya ya rataye shi, ya ɗauko ƙotar wata tsohuwar guduma da kanta ya cire, ya ɗan ƙwanƙwasa shi wuri huɗu yana kara kunne. Lafiyayyen dutse yana amo, wani siririn sauti da ke ɗan jimawa a iska. Mai tsaga a ciki, ko ido bai gani ba, kwaf kawai yake yi, kamar ka bugi ɗanyen kabewa. In ya ɗaura dutsen kuma ya kunna, sai ya koma gefe ya tsaya yana motsa baki, Fatiha ɗaya da Ƙulhuwallahu uku, kafin ya kai masa ƙarfe. Wata rana na ce masa:

"Yaya, yanzu har dutse ake yi wa addu'a?"

"Lokaci nake aunawa, sarkin surutu. Agogo gare ka? Wanda zai fashe da wuri yakan fashe kafin in idar, gara ya tarar ba kowa a gabansa."

A gida Ɗan Sauri ake kirana, Inna ce ta laƙaba mini, wai ko haihuwata ban jira ungozoma ba. Gida ɗaya muke da Inna da Yaya da matarsa Yaya Dije, a lokacin tana goyon Nura. Tsakanina da ita wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji, ba ta kirana sai mijina. In na dawo da ƙuna a hannu sai ta ce, mijina, yau kuma wane ƙarfe ka yi wa gaggawa ya rama? Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana cina a rai. Na kai shekarun aure, gemu ya fito, har yanzu ba a taɓa aikena in zaɓo dutse ni kaɗai ba. Ina so a wayi gari a ce Sale ma ya iya.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau, shinkafa ta nuna ko'ina lokaci guda, manoma suka yi ta kwararowa da kayan girbi. Mai matsakaicin yashin nan ya cinye har ya kusa kai takardar da ke manne a gefensa, Yaya ya ce ba zai ƙara kai masa ƙarfe ba. Ana haka, wata Laraba da hantsi, sai ga Baba Gado, wani dattijo Bakambare daga wajen Nasko da ya daɗe yana kawo mana aiki, ya sauke buhu guda na lauje da adduna, na mutanen unguwarsu duka. Hausarsa a karye take amma ba ta ɓoye abin da yake nufi:

"Habu, gobe gayya a gonana. Mata sun jiƙa dawa tun jiya. In ban koma da waɗannan yau ba, ƙattai za su ci tuwona banza su tafi."

Motar ƙarshe kuwa bayan la'asar take tashi. Yaya ba zai iya barin shago ba, ga mutane zaune a benci suna jira. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya zaro ƙotar gudumar nan ya miƙo mini. Ya ce in je wajen Oga Obi, mai sayar da kayan ƙarfe a cikin kasuwa, in zaɓo mai toka, yashi matsakaici, inci shida, takardarsa a jiki, in duba gudun da aka rubuta masa kada ya gaza na injinmu. Ya ce in buga shi. Na sa ƙotar a aljihu na fita kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Oga Obi mutumin kirki ne, ya fi shekara ashirin a garin nan, Hausa a bakinsa har da karin magana. Da na faɗa masa abin da nake so sai ya girgiza kai, ya ce kaka ta kwashe irin wannan tas, sai Juma'a kaya za su iso. Ya nuna mini mai kaushi, na ce zai cinye bakin lauje ya bar ƙota. Ya nuna fari, na ce adda goma za su gama da shi. Duk wannan na faɗa daidai, har ya ce lallai Habu ya koyar. Ina shirin juyawa sai idona ya faɗa kan wani guda ɗaya a lungu, ƙarƙashin tarin sarƙa, mai toka, daidai girman da ake nema. Na jawo shi na goge ƙura.

"Ɗan Sauri, bar wancan," in ji Oga Obi. "Kwalinsa ya faɗo daga mota ranar da ake sauke kaya. Ban yarda da shi ba, shi ya sa na jefa shi can."

Na juya shi gaba da baya, ba tsaga ko ta gashi. Na rataye shi a yatsa, na zaro ƙota na buga. Kwaf. Na ce a raina injin niƙan da ke maƙwabtaka ne ya cika mini kunne. Na juya shi na sake bugawa. Kwaf. Ina rubuta wannan ne don kada wani cikinku ya nema mini uzuri: na ji, sau biyu na ji, kuma na san ma'anar abin da na ji. Amma sai na hango kaina ina komawa hannu rabbana, ranar farko da aka aike ni, Baba Gado yana kallona, da yamma Yaya Dije tana cewa mijina ya je kasuwa ya dawo da iska. Na ce wa kaina tsagar ƙarama ce, zai kai mu Juma'a. Oga Obi ya ƙi, na nace, har ya gaji ya ce:

"To ka ce wa Habu ya buga da kansa. Ka ji ko? Da kansa."

"Shi kaɗai Allah ya yi wa kunne?" Abin da na mayar masa ke nan.

Da na iso shago Yaya ya karɓi dutsen ya duba takardar, ya shafa yashin da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Ya rataye shi a yatsa, ya miƙo ɗayan hannun wajena, yana neman ƙota. Tana aljihuna, ƙarshenta a waje. Ban ba shi ba, sai na yi sauri na ce na riga na buga.

"Ya yi amo?"

"Kamar ƙararrawa."

Hannun nan nasa ya ɗan tsaya a iska. Ya dubi ƙotar, ya dubi mutanen da ke benci suna kallonmu, sai ya janye hannun ya dafa kafaɗata da shi, ya ce wa Baba Gado:

"Ka gani ko? Ƙanena ya zama malami yau."

Ya ɗaura dutsen ya ɗaure noti. An ɗauke wuta tun safe, don haka ya ce in zagaya baya in tayar da janareta. Na tsaya a bayan rumfa da igiyar a hannuna. Tsakanina da shi kwano ne falle ɗaya, ko raɗa na yi zai ji. Abin da ake bukata kawai in ce, Yaya, dakata, ga ƙota. Ban ce ba. Na ja igiyar. Na ji giranda ta ɗauka, na lissafa Fatiha da Ƙulhuwallahu uku tare da shi, ba abin da ya faru. Na ji ya wasa lauje na farko, ya wasa na biyu, har na saki numfashi na ce ashe tsorona ne kawai. Na uku adda ce mai kauri. Ƙarar da na ji kamar tayar babbar mota ta fashe. Wani ɓangaren dutsen ya huda kwanon rufi ya fita, ramin yana nan har ranar da muka tashi daga wurin. Wani ɓangaren ya sami Yaya a fuska, gefen dama. Da na zagayo na tarar da Baba Gado ya tuɓe rigarsa ya danne masa ido da ita yana kiran sunan Allah da harshensu. Gayyarsa ba a yi ta ba sai bayan mako, shinkafarsa da yawa ta zube a gona, kuma bai taɓa ambata wannan ba.

Idon bai tsira ba. Kwana na uku a asibiti, da rana, Inna tana zaune a bakin gado, Yaya Dije na tsaye da Nura a baya, ni kuma na shigo da kwanon abinci. Inna ta ce:

"Habu, abin da ya ɗaure mini kai, kai da ko cokali aka ba ka sai ka ƙwanƙwasa, yaya aka yi wannan ya wuce ka?"

Rabin fuskarsa a naɗe, ya juyo da idon da ya rage, bai kai shi kaina ba, ya tsayar da shi a bango.

"Ban buga ba, Inna. Sauri nake yi."

Inna ta ce ƙaddara ta riga fata. Yaya Dije ta ce, kai ma ka koyi halin mijina ke nan. Ni kuwa ina tsaye da kwano yana ƙona mini hannu. A nan ne ya kamata in yi magana, kuma a nan na zaɓi in yi shiru. Jan igiyar nan na yi shi cikin ruɗin zuciya, amma shirun asibiti da hankalina na yi shi, kuma na ci gaba da yinsa kullum har shekara talatin da ɗoriya. Oga Obi ya zo dubiya da lemo, ya gaishe da kowa, ya kalle ni ya ce sannu kawai. Saboda wannan kallo na daina sayen kaya a wurinsa, na riƙa tafiya har wani shago mai nisa. Shi ma na zalunce shi, ya koma garinsu ban nemi gafararsa ba.

Mai ido ɗaya ba ya iya auna tazara tsakanin bakin aska da dutse. Yaya ya dawo aiki, ya ƙona almakashi biyu, ya ɓata aska, wanzamai da teloli suka fara cewa a ba Sale. Labari kuma ya zaga tasha cewa Habu mai bugun dutse ya manta bai buga ba, har masu lodi suna yi wa juna ba'a da shi. A hankali ya koma zama a bakin ƙofa yana karɓar aiki yana hira da manoma, ni na koma gaban inji. Sunan da na yi a garin nan, wanda kuka ci kuka sha kuka yi makaranta da shi, a kan kujerarsa na yi shi. Na yi wa girandar murfi da hannuna, na daina sauri, har aka manta da sunan Ɗan Sauri. Duk sabon dutse kuma sai in kai masa da ƙota, ya rataye ya buga ya kara kunne ya miƙo mini. Ba ya cewa komai, ba na cewa komai. A gida in ya zuba shayi ya sauka gefen kofi, Yaya Dije ta ce, da ka buga dutsenka da yanzu ba ka yi mini ɓarnar sukari ba. Sai ya yi murmushi ya goge tabarma da hannun riga.

Sai a ciwonsa na ƙarshe na iya buɗe baki. Bayan la'asar ne, an shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, mata sun tafi barka. Na ce, Yaya, dutsen nan.

"Wanne? Ai mun ci duwatsu da yawa ni da kai."

"Na ranar Baba Gado. Bai yi amo ba. Sau biyu na buga, bai yi ba."

Ya ce tun a gadon asibiti ya gane, da ya yi ta juya maganata a ransa. Ya ce ni in na faɗi gaskiya ba na yi mata ado, ranar da na ce kamar ƙararrawa ya kamata ya sani. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Inna 'ya'ya biyu gare ta. Ɗaya ya rasa ido. In sa ta rasa ɗayan ɗungurungum? Kuma ban yi ƙarya ba, Sale, ban buga ba. Na miƙa hannu na janye don kada ka ji kunya a gaban mutane. Wannan nawa ne. Naka kai ka san shi. Na yafe tun kafin a kwance mini ƙyalle, tashi ka ɗebo mini ruwa."

Na ɗebo ruwan ina kuka kamar yaro. Bayan sati uku ya rasu. Kuma ku ga halin ɗan Adam: sai na ɗauki yafiyarsa na lulluɓa da ita, na ce tunda mai haƙƙi ya yafe magana ta ƙare. Damina biyu na ƙara ina shiru, har ranar sunan nan da na ji ɗansa yana ba da shi misalin sakaci a ƙofar gidansa.

Washegari na je wurin Yaya Dije. Ta tsufa, tana zaune tana tsince wake a faifai. Ta ce, a'a, mijina, yau da sassafe? Na zauna a ƙasa na faɗa mata duka, tun daga lungun Oga Obi har igiyar janareta. Hannunta ya tsaya a cikin waken. Na yi zaton zagi, na ma so ta zage ni. Da ta yi magana ba da ni take ba.

"Shekara talatin ina yi masa gorin shayi. Yana goge tabarma yana dariya."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe sai ta ce ita ba za ta ce ta yafe yau ba, in ba ta lokaci, amma kada in kuskura Nura ya ji wannan a takarda, in je in faɗa masa da bakina. Tun ranar Sale take kirana. Na je shagon Nura na same shi shi kaɗai na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya kashe inji, ya ce ya ji, ya rufe shago da rana tsaka ya tafi gida. Na ajiye masa ƙotar ubansa a kan benci na fito. Wata guda bai tako gidan nan ba, in mun haɗu a masallaci ya gaishe ni a taƙaice ya wuce, ban kuma ga laifinsa ba.

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a zaure sai ga shi a kan babur, da sabon dutse a kwali, mai toka, yashi matsakaici. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba. Ya fito da dutsen ya rataye a yatsansa, ya zaro ƙotar daga aljihu ya miƙo mini.

"Baba Ƙarami, buga mu ji."

Na buga, wuri huɗu. Amon ya tashi siriri ya daɗe a zauren. Na ce masa lafiyayye ne. Ya gyaɗa kai, ya karɓi ƙotar daga hannuna, ya kara kunnensa, ya sake bugawa da kansa a gabana.

Na ce, haka ake yi, ɗana. Ko ni na faɗa maka, haka ake yi.